Ciwon ƙofofin zuciya: me ake gada, me ake ɗauka?

Idan ka girma a Kaya ko Maradun, ko Bakura, ko cikin garin Talata Mafara, da wuya a ce ba ka san gidan da aka yi irin wannan jinya ba. Yarinya 'yar shekara goma sha shida ko sha bakwai ta fara haki idan ta ɗauko ruwa. Ƙafafu su kumbura. Da dare ba ta iya kwanciya sai an tokare ta da matashi biyu ko uku. Ana cikin haka sai wata tsohuwa ta tuna cewa goggon yarinyar ma haka ta yi ta fama har ta rasu a wurin haihuwa. Shi ke nan an yanke magana: "Ai gadon gidansu ne."

Wannan magana ba ƙarama ba ce. Tana sa iyaye su sare da neman magani, tunda a ganinsu abin da ke cikin jini ba ya fita. Tana sa a janye neman aure daga gida sukutum. Kuma tana sa a manta da ƙannen yarinyar, alhali su ne ake da damar cetowa tun abin bai yi nisa ba.

To, shin da gaske ana gadon ciwon ƙofofin zuciya? Akwai gado a ciki, amma nauyinsa ya bambanta daga wani nau'in ciwon zuwa wani. Nau'in da ya fi cin matasa a yankinmu kuwa, gado shi kaɗai ba ya kawo shi. Sai ya haɗu da wata ƙwayar cuta da ake kashewa da tsohon magani mai araha. Bari mu bi abin daki-daki.

Ƙofofi huɗu da ba sa hutawa

Zuciyarka tana da ɗakuna huɗu, biyu a sama, biyu a ƙasa. Ɓangaren dama yana karɓar jinin da ya gama zagaya jiki ya tura shi huhu ya sha iska. Ɓangaren hagu yana karɓar jinin da ya dawo daga huhu ya harba shi cikin babbar jijiyar da ake kira ayota, daga nan ya watsu ko'ina. Domin kada jini ya koma baya, akwai ƙofofi huɗu masu buɗewa ta gefe ɗaya kawai.

Duk wanda ya yi noman rani a filayen Bakolori ya san bawul ɗin da ke bakin tiyon injin ban-ruwa. Yana barin ruwa ya hau, ya hana shi komawa. Idan ya lalace, injin zai yi ta kuka yana shan mai, ruwa kuwa ba ya isa gona. Haka ƙofofin zuciya suke, sai dai su na tattausan nama ne, kuma suna buɗewa da rufewa kimanin sau 100,000 a kowace rana.

Biyu daga cikinsu suna dama: tirikusfid da ƙofar huhu. Biyu suna hagu: maitiral, wadda ke tsakanin ɗakin sama da na ƙasa, da ayotik, wadda ke bakin ayota. Na hagun sun fi shan wahala saboda ƙarfin jini ya fi yawa a can, don haka su ne suka fi lalacewa.

Lalacewar iri biyu ce. Ko dai ƙofa ta tsuke, jini ya riƙa wucewa da ƙyar, ko kuma ta kasa rufuwa, jini ya riƙa yoyo yana komawa baya. Ko wanne ya faru, zuciya za ta yi ta ƙarin aiki har ta gaji. Idan ta gaji sai ruwa ya taru a huhu, shi ne haki da tarin dare. Ya taru a ƙafa da ciki, shi ne kumburi. Wani lokaci bugun zuciya ya rikice, jini ya daskare a cikinta, gudan ya tafi ƙwaƙwalwa, mutum yana ɗan shekara ashirin da biyar ya samu shanyewar ɓarin jiki.

Gado ba iri ɗaya ba ne

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikinka akwai DNA, wato rubutaccen umarnin yadda za a gina jiki. An ɗaure shi a ƙunshi 46 da ake kira kuromosom, 23 daga uwa, 23 daga uba. A cikinsu akwai ƙwayoyin gado kimanin 20,000, kowace da aikinta.

Gadon da muka fi sani shi ne na sikila. A nan ƙwayar gado guda ɗaya ce ke yanke hukunci. Idan miji AS ne matar ma AS ce, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS, ko a birni aka haifi yaron ko a ƙauye. Saboda mun saba da wannan lissafi, sai muke auna kowane gado da shi.

Amma yawancin cututtuka ba haka suke ba. Ƙwayoyin gado da yawa ne ke taruwa, kowace ta ƙara ɗan haɗari kaɗan ko ta rage, sannan yanayin rayuwa ya zo ya cika sauran. Abin da ake gada a irin wannan shi ne rauni ga ciwon, ciwon kansa kuma sai wani dalili ya zo daga waje. Riƙe wannan bambanci, domin a kansa sauran bayanin ya tsaya.

Daga maƙogwaro zuwa zuciya

A Arewacin Najeriya, kamar sauran ƙasashen Afirka kudu da Sahara, babban abin da ke lalata ƙofofin zuciyar yara da matasa shi ne ciwon zuciya na rumatik. Kiyasin shekarar 2019 ya nuna fiye da mutum miliyan 40 ne ke ɗauke da shi a duniya, kuma yana kashe kimanin 300,000 a shekara, mafi yawansu a ƙasashe matalauta.

Farkonsa ciwon maƙogwaro ne. Wata bakteriya mai suna Streptococcus pyogenes, wadda likitoci ke kira sitiref rukunin A, tana kama maƙogwaron yara, musamman 'yan shekara 5 zuwa 15. Tana yaɗuwa ta tari da atishawa da kusantar juna. Yaro zai yi zazzaɓi, haɗiya ta yi masa wuya, kaluluwa ta fito a wuya, bayan 'yan kwanaki ya warke ko ba a ba shi komai ba. A wurin yawancin yara labarin ya ƙare a nan.

A wurin wasu 'yan kaɗan kuwa, garkuwar jiki ce ke yin kuskure. A jikin bakteriyar akwai wasu sinadarai da suka yi kama da na naman zuciya da gaɓoɓi. Makaman da jiki ya ƙera domin yaƙar ta sai su kasa bambancewa, su juya kan mai gida. Bayan mako biyu zuwa uku da ciwon maƙogwaron sai zazzaɓin rumatik ya bayyana: gwiwa ta kumbura yau, jibi ta saki idon sawu ya ɗauka, sannan gwiwar hannu. Mu kan ce sanyin ƙashi ne. Wasu yaran, galibi mata, hannu da fuska su riƙa motsi ba da sonsu ba, abu ya riƙa faɗuwa daga hannunsu. Wannan kuma sau da yawa iska ake ɗora wa, alhali ɓangaren ƙwaƙwalwa mai kula da motsi ne ciwon ya taɓa.

Gaɓoɓi suna warkewa sarai. Ƙofofin zuciya ne ke zama da tabo. Duk lokacin da bakteriyar ta sake kama yaron, garkuwar jiki ta sake kai hari, tabo ya ƙaru a kan tabo. Shekaru biyar, goma, sha biyar ba a san abin da ake ciki ba. A wurin mata sau da yawa juna biyu ne ke tona asirin, domin jinin mai ciki yana ƙaruwa da kusan rabi, ƙofar da ta tsuke kuma ba za ta iya wuce da shi ba.

Wani babban bincike mai suna REMEDY ya bi marasa lafiya 3,343 a ƙasashen Afirka 12 da Indiya da Yaman, kuma likitocin Najeriya, har da na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, suna cikin waɗanda suka gudanar da shi. Rabin marasa lafiyar ba su wuce shekara 28 ba. Biyu cikin uku mata ne. Cikin shekara biyu da aka yi ana bibiyarsu, kusan kashi 17 cikin 100 sun rasu.

To ina gado ya shigo?

Ga tambayar da ta daɗe tana damun masana. Yara goma suna kwana ɗaki ɗaya, bakteriya ɗaya ta kama su duka, me ya sa ɗaya ne kawai zuciyarsa ta taɓu? Ko a lokacin annobar wannan ciwon maƙogwaro, idan ba a ba da magani ba, kimanin uku cikin ɗari ne ke yin zazzaɓin rumatik.

Tun a 1889 wani likitan yara a Landan, Walter Cheadle, ya lura cewa ciwon yana bin gidaje, kuma wanda aka taɓa yi a danginsa ya fi saurin kamuwa. Sai dai bin gida ba hujjar gado ba ce. 'Yan gida ɗaya ai ba jini kawai suka haɗa ba. Sun haɗa ɗaki da tabarma da kofin shan ruwa, da talauci, da nisan asibiti. Ta yaya za a raba jini da ɗaki?

Tagwaye ne suka taimaka. Akwai Hassan da Hussaini da suka fito daga ƙwai ɗaya, DNA ɗinsu kusan iri ɗaya ne. Akwai kuma waɗanda suka fito daga ƙwai biyu, rabi kawai suka haɗa kamar sauran 'yan'uwa. Duka nau'in biyu gida ɗaya suke tashi. Don haka idan na farko sun fi yin tarayya a ciwo, bambancin daga gado yake. A 2011 masu bincike a Jami'ar Cape Town, ƙarƙashin marigayi Farfesa Bongani Mayosi, suka tattara bayanan tagwaye 435 daga binciken da aka yi a baya. A tagwayen ƙwai ɗaya, tarayyar ta kai kashi 44 cikin 100. A na ƙwai biyu, kashi 12. Daga nan suka ƙiyasta cewa gado yana da alhakin kimanin kashi 60 na bambancin da ke tsakanin mutane wajen kamuwa.

Kada wannan adadi ya ruɗe ka. Ba yana nufin idan mahaifiyarka tana da ciwon kai ma kana da yiwuwar kashi 60 ba. Ɗauki misalin irin shinkafa biyu da aka shuka a fadama ɗaya. Cuta ta shigo, ɗaya ya kwanta, ɗaya ya tsaya. Bambancin daga iri yake. Amma a shekarar da cutar ba ta shigo ba, duka biyun za su yi albarka, ba ma za ka gane wane ne mai rauni ba. Sannan ka sake duba lissafin tagwayen: ko waɗanda suka haɗa DNA baki ɗaya, fiye da rabinsu ba su yi tarayya a ciwon ba.

Abin da aka gani a cikin DNA

Daga shekarun baya-bayan nan an samu na'urorin da ke iya duba wurare miliyoyi a DNA ɗin dubban mutane, a kwatanta masu ciwo da marasa ciwo. Bincike uku sun yi fice.

A 2017 an duba mutanen tsibiran tekun Fasifik, irin su Fiji da New Caledonia. Aka samu wani nau'i na ƙwayar gado mai suna IGHV4-61, wadda ke cikin masu ƙera makaman garkuwar jiki, yana ƙara haɗarin da kimanin kashi 40 cikin 100. A shekarar dai, bincike a kan 'yan asalin Ostareliya ya nuna yatsa ga yankin HLA, wato ƙwayoyin gadon da ke nuna wa garkuwar jiki wane ne baƙo, wane ne ɗan gida. A 2021 kuma aka wallafa sakamakon RHDGen, wanda ya duba mutum kusan 4,800 daga ƙasashen Afirka takwas, ciki har da Najeriya da Sudan da Yuganda. Ya gano wani wuri a kuromosom na 11 da ke da alaƙa da ciwon a tsakanin baƙaƙen fatar Afirka.

Akwai darasi biyu a nan. Na farko, manyan alamun da aka samu a Fasifik da Ostareliya suna cikin tsarin garkuwar jiki ne, wato abin da ake gada shi ne yadda jiki ke mayar da martani ga bakteriyar. Na biyu, kowace alama ɗan ƙari kaɗan take yi, kuma abin da aka gani a wata al'umma ba lalle a gan shi a wata ba. Shi ya sa babu wani gwajin jini irin na sikila da za ka je a yi maka kafin aure a ce kai mai rumatik ne ko a'a.

Hujjar da ta fi kowace ƙarfi

Shekara ɗari da suka wuce, zazzaɓin rumatik yana cikin manyan masu kashe yaran makaranta a Ingila da Amurka. Akwai asibitocin da aka ware wa masu fama da shi kaɗai. Yau likita a can yana iya shafe shekaru bai ga ko ɗaya ba. DNA ɗin Turawa bai sauya a cikin tsara biyu ko uku ba. Jikokin waɗanda suka mutu da ciwon suna nan ɗauke da raunin kakanninsu. Abin da ya sauya shi ne cunkoso a ɗakin kwana ya ragu, abinci da tsabta suka inganta, har ciwon ya fara ja da baya tun kafin zuwan fenisilin. Sannan a 1950 bincike a kan sojojin wani sansanin sojan sama a jihar Wyoming ta Amurka ya tabbatar da cewa allurar fenisilin ga mai ciwon maƙogwaro tana hana zazzaɓin rumatik tasowa.

Yanzu ka dubi halin da muke ciki. Lokacin hunturu ana rufe ƙofa da taga, yara su cunkushe a ɗaki ɗaya. Makarantun allo da na kwana akwai cunkoso. Rashin tsaro ya kori iyalai daga ƙauyuka sun taru a gidajen 'yan'uwa a cikin gari, ɗakin mutum huɗu ya koma na goma, wasu ɗakunan shan magani na karkara kuma babu ma'aikaci. Ƙazwa da gyambon fata, waɗanda bakteriyar ke samun mafaka a cikinsu, su ma cunkoso ne abincinsu. Yaro ya ce wuyansa na ciwo, sai a saya masa ƙwaya biyu a kemis, ko a kira wanzami ya cire beli. Cire beli ba ya kashe bakteriya, sai ma ƙarin haɗarin zubar jini da shigar wata cutar. Waɗannan ne ke mayar da rauni ya zama ciwo.

Inda gado ya fi nauyi

Akwai wasu cututtukan ƙofofin zuciya da ba ruwansu da ciwon maƙogwaro, kuma hannun gado ya fi bayyana a cikinsu. Uku sun cancanci ka san su.

Na farko, ƙofar ayotik mai ganye biyu. A ka'ida ganye uku gare ta, amma kimanin mutum ɗaya zuwa biyu cikin ɗari ana haifarsu da biyu, kuma maza sun fi yawa. Mutum zai iya kai shekara arba'in ko hamsin bai sani ba, sannan ƙofar ta tsuke ko ta fara yoyo. Jarumin fim ɗin nan Arnold Schwarzenegger, wanda da yawanmu muka sani da Kwamando, da ita aka haife shi, kuma an yi masa aiki a 1997. A 2005 aka gano cewa matsala a ƙwayar gado mai suna NOTCH1 tana haddasa ta a wasu iyalai. Idan an same ta a mutum, kusan ɗaya cikin goma na iyayensa da 'yan'uwansa na ciki ɗaya da 'ya'yansa suna iya kasancewa da ita, shi ya sa likitoci ke ba da shawarar a duba su.

Na biyu, ciwon Marfan, wanda ya samo sunansa daga likitan Faransa da ya bayyana shi a 1896. Yana samun kimanin mutum ɗaya cikin 5,000. Tushensa ƙwayar gado guda, FBN1, a kuromosom na 15, wadda ke ƙera zaren da ke riƙe naman jiki. Idan zaren ya yi rauni, ƙofar maitiral ta yi sako-sako, ayota kuma ta riƙa faɗaɗa har ta iya yagewa farat ɗaya. Masu shi galibi dogaye ne ƙwarai, hannaye da yatsu zara-zara, ƙirji ya lotsa ko ya turo, ga matsalar ido tun ƙuruciya. Ba kowane dogo siriri ne mai Marfan ba, likita ne ke tantancewa. A nan idan uwa ko uba ɗaya kawai yana da shi, kowane ɗa yana da yiwuwar rabi da rabi. Ɗaya cikin huɗu na masu shi kuma a kansu ya fara. Akwai magungunan da ke rage saurin faɗaɗar jijiyar, akwai kuma aikin da ake yi kafin ta yage.

Na uku, ƙofar ayotik da ke ƙandarewa a tsufa, yawanci bayan shekara 65. An daɗe ana ɗaukarsa tsufa ne kawai. A 2013 masu bincike suka nuna cewa ƙwayar gado mai suna LPA tana da hannu. Ita ce ke ƙayyade yawan wani nau'in kitsen jini da ake kira Lp(a), wanda abinci da motsa jiki ba sa sauya shi sosai. Kimanin mutum ɗaya cikin biyar a duniya nasu ya yi yawa, kuma 'yan asalin Afirka sun fi Turawa yawansa a jini. Mai irin wannan gado ya fi kowa bukatar kula da hawan jini da ciwon suga da guje wa taba.

Maganar aure

Za ka iya tambaya, auren zumunta fa? Haɗarinsa ya fi shafar cututtukan da sai an gaji matsala iri ɗaya daga uwa da uba, kamar sikila. Bincike a ƙasashen Larabawa da Kudancin Asiya ya nuna ɗan ƙarin nakasar zuciya ta haihuwa a 'ya'yan ma'auratan da suke 'ya'yan wa da ƙani. Amma Marfan daga ɓangare ɗaya yake zuwa, ko bare aka aura lissafin bai sauya ba. Rumatik kuwa sai da bakteriya.

Saboda haka ƙin auren yarinya don an ce yayarta ta mutu da ciwon zuciya ba shi da madogara a ilimi. Abin da ya dace shi ne a duba zuciyarta. Idan lafiya lau, shi ke nan. Idan an ga matsala, a san da ita kafin ciki, a tsara awo da haihuwa a asibitin da ke da likitan zuciya. Mata da yawa masu wannan ciwo sun haihu lafiya saboda an sani da wuri.

Me za ka yi da wannan sani?

Fara da tarihin gidanku. Zauna da iyaye da kakanni ka tambaya: wa ya yi haki da kumburi yana matashi? Wace ce ta rasu da ciki ko bayan haihuwa da irin waɗannan alamu? Wa ya faɗi farat ɗaya kafin shekara hamsin? Rubuta, ka tafi da shi idan za ka ga likita.

Ka ɗauki ciwon maƙogwaron yaro da muhimmanci. Yawancinsa mura ce, ba ya bukatar maganin bakteriya. Amma idan ya zo farat ɗaya da zazzaɓi da kaluluwa mai zafi, ko farin ruɓa a maƙogwaro, babu tari babu majina, to a kai shi wurin ma'aikacin lafiya. Maganin shi ne allurar fenisilin ta benzatin sau ɗaya, ko na sha na kwana goma cif. Shan kwana uku a daina don yaro ya ji sauƙi ba ya kare zuciya. A gaya wa ma'aikacin idan fenisilin ya taɓa yi wa yaron illa.

Ciwon gaɓoɓi mai yawo tare da zazzaɓi, ko motsin jiki ba da son yaro ba, asibiti ya kamata a nufa a wannan makon.

Gwajin da ke nuna ƙofofin zuciya shi ne eko. Hoton na'ura ne irin wanda ake yi wa masu ciki, ba yanka ba allura. Babban asibitin Mafara ko na Bakura ko Maradun za su iya rubuta maka takardar zuwa gaba, zuwa Cibiyar Lafiya ta Tarayya a Gusau ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Idan an samu mutum ɗaya da ciwon a gida, ka nemi a duba 'yan'uwansa na ciki ɗaya. Bincike a arewacin Yuganda ya nuna cewa 'yan'uwan yaron da ke da ciwon sun fi sauran yara yiwuwar ɗauke da shi a ɓoye.

Wanda aka tabbatar yana da rumatik, kariyarsa ita ce allurar benzatin duk mako uku ko huɗu, na shekaru biyar zuwa goma ko fiye, wasu har shekara 40 ko tsawon rai, gwargwadon yadda ƙofar ta taɓu. Idan lalacewar ta yi tsanani likita na iya zaɓar na sha. Allurar tana da zafi, kuma zuwa asibiti kowane wata a halin da hanyoyinmu suke ba wasa ba ne. Amma ga abin da take saye. A garin Gulu na Yuganda an raba yara kusan 800 masu ciwon da bai bayyana ba gida biyu. Bayan shekara biyu, cikin 399 da ke karɓar allura, uku ne kawai ciwonsu ya ƙaru. Cikin 400 da ba sa karɓa, 33. Idan kuwa aka bari ƙofa ta lalace sosai, sai aikin buɗe ƙirji, wanda ke cin miliyoyin naira kuma asibitoci ƙalilan ne ke yinsa a ƙasar nan.

Ba za ka iya sauya abin da ka gada daga iyayenka ba, 'ya'yanka ma haka. Amma sanin cewa akwai wannan rauni a gidanku shi ne dalilin da zai sa ciwon wuyan ɗanka ya kwana a asibiti maimakon kemis, kuma a yi wa ƙannen mara lafiya eko tun suna gudu suna wasa.